Bayan Hannun Baba

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Baba ya riga mu komawa wata Talata da hantsi, a tsakiyar daminar bana, a bakin ƙofar gidansa da ke Hunkuyi. Ina ɗakina a Makarfi ina tankaɗe aka aiko mai keke. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa, ban samu ko ganin fuskarsa ba.

Na tarar da gida cike, kowa kuma da irin tasa mutuwar da yake ba da labari. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, wannan kam babu mai musu. Kawu da ya zo daga Ikara ya ce jiri ne ya ɗebe shi, wai dama tun bara ya ga alamar a idonsa. Baffa, ƙanen Baba, ya ce santsi ne, an kwana ana ruwa, dattijo ya zame. Gwaggo ta Dandamisa tun daga bakin zaure take kururuwa tana cewa sammu ne, masu ɗaya injin niƙan ne suka yi masa, sai da aka toshe mata baki da mayafi. Matan Kudan da suka saba kawo niƙa suka zauna a gindin rumbu suna share hawaye, na ji ɗaya tana cewa, “Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki, ba shi da aibu in ban da yawan kashe inji.”

Maigidana ya fi kowa kuka. Ya riga ni isowa, shi ya shiga kabari ya karɓi gawa, an ce da ƙyar aka fito da shi. Ba kukan ganin ido ba ne, na san shi, yana son Baba har zuciyarsa.

Duk wannan taron, kowa ta ƙofa ɗaya ya shigo, ƙyauren kwanon nan da ya raba zaure da cikin gida, inda aka tsinci Baba a kwance. Ban ga wanda ya ɗaga kai ya dube ta ba.

Ni ba marubuciya ba ce. Ɗan abin da na iya a ajin manya na mata na koya, shi ma Baba ne ya tsaya mini har aka bar ni na shiga. Amma ina tsoron kada a yi arba'in, a watse, abin da zai rage a bakin mutane shi ne wani dattijo mai rigima da injinsa. Baba ya fi haka, kuma ni na fi kowa sani, ko da yake a makare na sani.

Baba fatauci yake yi na hatsi, amma abin da aka fi saninsa da shi a Hunkuyi shi ne wahalar ba da aiki. In kana so ka sha zaman zaure, to ka zo neman aiki wurinsa. Magini ne kai, ko mai haƙar rijiya, ko wanzami, ba ruwansa da yawan bakinka. Sai ya gama saurarenka tsaf, ya ce, “Ni ba na duba aikin jiya. Tashi ka kai ni in ga wanda damina ta taka.” Haka zai hau keke ya bi mutum har ƙauyensu don ya ga katangar da ya gina shekarun baya, ya ƙwanƙwasa ta, ya tambayi masu gidan ko ɗaki na yoyo.

In aikin ya yi masa, saura tambaya ɗaya: “Me ka taɓa ɓatawa?” Wani magini daga Kurmin Kogi ya taɓa buga ƙirji ya ce shi tun da yake bai taɓa ɓata aiki ba. Baba ya ba shi goro, ya raka shi har bakin hanya, ya dawo yana cewa, “Wannan a kaina yake so ya fara.” Mun daɗe muna dariyar wannan magana a cikin gida.

Ni ce 'yar farinsa, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ina ƙarama “ke” ce, ko “yarinyar can”. Da na yi aure na zama “mutanen Makarfi”. In ya sayi mazarƙwaila ko ya yanka rago, sai ya ware kaso ya ce wa Inna, “A kai wa mutanen Makarfi,” yana kallon wani gefe kamar ba shi ya yi maganar ba. Lokacin da na haihu na kwanta ciwo har aka fid da rai, Baba ya taka keke cikin rana har ƙofar gidanmu. Bai shigo ba, bai tambayi jikina ba. Ya tsaya ya tambayi surukina farashin dawa a kasuwar Makarfi, ya yi ta jan zancen har aka fito aka ce na sha kunu, sannan ya juya kekensa ya tafi. Mutumin da shi ke faɗa wa 'yan kasuwa farashin dawa!

Yarinyar da na haifa a wannan ciwon ita ce tawa 'yar farin. Da aka yaye ta aka kai wa Inna riƙo, kamar yadda ake yi. Ni ma na bi sawu: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi sai in kau da kai wata ta ɗaga ta. Baba kuwa duk abin da ya hana ni, a kanta ya juye. Amaryarsa yake ce mata. Tare suke cin tuwo, ita ke ɓoye masa carbi, shi ke yi mata barazanar zai ƙaro mata abokiyar zama in ba ta daina ƙyuya ba.

Shekarar da ta biyo bayan sauya tuta, wato samun 'yancin kai, Baba ya sayi injin niƙa. Wanda ya sayar masa ya haɗa masa da wani ƙaramin injin wuta, wanda ake ɗaura wa bel daga jikin babban, in wannan ya juya wancan ma ya juya ya ba da lantarki. A lokacin, ban da gidan hakimi, ban san inda ake kunna ƙwan lantarki a duk yankinmu ba. Baba ya ce zai sa wuta a zaure da tsakar gida, yara su yi karatun allo ba hayaƙi, ya kuma ji labaran rediyo ba tare da sayen batir ba.

Ya yi yadda ya saba. Ya tafi Zariya ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani mai aikin lantarki, mutumin kudancin Zazzau, wanda ya yi makarantar koyon sana'a, yana da takardar shaida. Baba ya sa aka karanta masa takardar, ya ce ya ji, yanzu a kai shi ya ga aiki. Mutumin ya zaga da shi gidajen da ya haɗa wa wuta tun zamanin Turawa. Da aka zo tambayar ƙarshe, ya ce ya taɓa ƙona rediyon wani akawu, wuta kuma ta taɓa jefo shi daga kan tsani, ga tabon nan. Baba ya dawo gida da murna, ya ce ya samu mutum, zai zo bayan kasuwa.

Labari ya riga mutumin isowa, ya kai Makarfi.

Dole in faɗi wane ne maigidana, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Mutum ne mai kyauta, mai zafin nema, mai zafin rai. Ya yi ɗan zama a Kaduna yana riƙe wa masu jan waya tsani a gidajen gwamnati, ya dawo da filaya da sukundireba a aljihu. Ya gyara tocila biyu da rediyon mai shayi, sai 'yan gari suka sa masa Injiniya, shi ma ya karɓa. Abin da ba ya jurewa a duniya shi ne a raina shi. A kan abin da bai kai ya kawo ba ya riga ya sake ni sau biyu, Baba da kansa ya yi ta kai da komo aka mayar da auren. Saura igiya ɗaya, kowa a gidajen biyu ya san da haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko, zaure cike da dattawa, maigidana ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo. Ƙanena yana wurin, shi ya ba ni labari. Da aka gama gaisawa ya ce, “Baba, na ji ana neman mai haɗa wuta har Zariya. Ga ni kuwa a gida.”

Baffa ya karɓe tun kafin Baba ya buɗe baki. “Ato! Yanzu ƙasa ta dawo hannunmu, Bature ya tafi, a ce ɗan ƙwan fitila ma sai mun ɗauko baƙo? Ga ɗanmu Injiniya?” Zaure ya ɗauka, kowa na cewa gaskiya ne, aikin gida sai ɗan gida.

Ƙanena ya ce Baba ya daɗe yana kallon tabarma. Yaya za a yi mutum ya dubi surukinsa a gaban jama'a ya ce kai ni in ga aikinka? Yaya zai tambaye shi abin da ya taɓa ɓatawa? Ko abinci ba sa ci a gaban juna. Can ya ɗago ya ce, “To, madalla. Allah Ya yi albarka.” A tsawon rayuwarsa wannan ne aikin da ya bayar ba tare da ya duba ba.

Kafin kasuwa ta zagayo an gama. Ranar da aka kunna, unguwa ta taru, mata suka yi guɗa, yara suka yi ta tsalle suna hura ƙwan ko zai mutu. Ni ma na zo, na kuma ji daɗi, mijina ne ake nunawa. Wayar kuwa da ƙusa aka bi bango da ita, ta bi ta saman ƙyauren kwanon nan ta shiga cikin gida. Inda ta gaza aka ƙulla wata, aka naɗe da robar tayar keke. Babu wurin da ake yanke wutar daga inji. Muddin ana niƙa, ko da rana tsaka ne, wuta na cikin waya. A lokacin babu wanda ya ga aibun haka a cikinmu, don ba mu san yadda ake yi ba.

Rani ya wuce lafiya. Da ruwan farko ya sauka, bangon ƙasa ya sha ya jiƙe, sai Baba ya fito da wasu sababbin halaye.

Ba a tayar da inji sai yana tsaye. Da zarar ya ɗauki ƙara, Baba zai zo bakin ƙofar nan, ya hana kowa wucewa, ya kai bayan hannunsa na dama ya ɗan taɓa ƙyauren. Wata rana ya ce, “To, ku wuce.” Wata rana kuma, musamman in an kwana ana ruwa, sai a ga ya janye hannun, ya ɗaure fuska, ya ɗaga murya: “A kashe injin nan! Yau kaina ba ya son ƙara.” Mata sun taho tun daga Kudan da ƙwarya a ka, sun yi layi, a ce an kashe inji saboda kan maigida. Ya san ya ɓata musu, shi ya sa yake ɗora hatsinsu a kan jakinsa ya aika ɗaya injin na bakin kasuwa a niƙo musu. Abokin gasarsa yake kai wa ciniki da jakinsa, mutane na dariya.

Amaryarsa kuwa ya kafa mata doka, ya mai da ita wasa. Ba ta fita zaure sai ya riga ta. In ta sheƙo da gudu sai ya tare ta da sanda ya ce, “Ina za ki, ango bai fita ba?” Ta tsaya tana dariya har ya gama taɓe-taɓensa.

Sau ɗaya ya cire bel ɗin ƙaramin injin ya ɓoye, ya ce ya tsinke, a haƙura da lantarki. Kwana kaɗan sai ga maigidana da sabon bel daga Zariya, ya kawo wa Baba kyauta, ya ɗaura da hannunsa. Baba ya yi godiya, ya sa masa albarka.

Rigimar da suka yi da Baffa ina nan aka yi ta, na zo ganin gida. Baffa ya shigo tsakar gida yana huci.

“Yaya, wannan wane irin abu ne? Mun zuba dukiya a inji, kai kuma kullum kanka ke ciwo. In tsufa ne ka ba ni ragamar, ka je ka huta.”

“Injin nawa ne ko naka?”

“Naka ne, amma sunan gidanmu ne ke ɓaci. An fara cewa aljanu ne ke hana ka.”

“Su ce.”

“To ka faɗa mini dalili ɗaya, in yi shiru.”

Na ga Baba ya buɗe baki. Sai idonsa ya faɗo kaina ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, ya mayar da bakin ya rufe. Ya ce, “Ba ni da dalili. Rigima ce kawai irin ta tsofaffi.” Ya shige ɗakinsa. Ni a ranar har haushinsa na ji, na ce a raina Baba ya fara rikicewa.

Haka aka ci damina, aka ci wata, aka shiga ta bana.

Ranar sadakar uku na shiga ɗakin Inna, inda take zaman takaba. Ta sa na saki labule, ta kama hannuna na dama, ta juya bayansa, ta yi ta shafawa. Ta ce, “Masu wanka sun tambayi Baffanki tabban da ke bayan hannun babanku. Ya ce musu ƙunar garwashi ce. Ba garwashi ba ne.”

Ta ce ƙofar ce. In bango ya jiƙe, wuta na sauka cikin ƙyauren, ta ja duk wanda ya taɓa. Baba ne ya fara ji, tun ruwan farko. Duk ranar da ya ce kansa ba ya son ƙara, to ta ja shi ne. Ran Talatar nan an kwana ana ruwa, bakin ƙofa ya zama tafki, ya fito ba takalmi, ya kai hannu kamar kullum. Inna na kallo daga madafa. Ta ce ko kalmar a kashe bai samu ya faɗa ba.

Na ce, “Inna, kin sani duk shekarun nan? Me ya hana a kira wani ya gyara?”

Ta ce, “Na roƙe shi har na gaji. Ya ce in aka ga baƙo na cire wayar da surukinsa ya sa, an tozarta surukin a idon duniya, kuma kin san a kan wa zai huce. Ya ce gara hannunsa da ɗakin mutanen Makarfi.”

Ban yi kuka ba a lokacin. Tsoro ne ya rufe ni, don ta tagar ɗakin ina hango 'yata tana wasa da ƙasa a gindin ƙofar nan. Inji a kashe yake saboda makoki. Amma na riga na ji Baffa yana cewa za a tayar da shi jajibirin sadakar bakwai, a niƙa geron gumbar da za a raba. Wanda yake tare mata ƙofa kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Na je wurin Gwaggo na ce ko za a ba ni yarinyar in tafi da ita Makarfi ta ɗan kwana biyu. Gwaggo ta riƙe haɓa. “Yau na ga rashin ta ido! Uwa ta buɗe baki a kan 'yar fari? Ki raba mai takaba da abin da ke ɗebe mata kewa? Tashi ki ba ni wuri.” Na samu ƙanena a bayan rumbu na faɗa masa komai. Ya ce, “Yaya, ni wa zai saurare ni? Baffa ne babba yanzu.” Na ce ya cire bel ɗin ya jefa rijiya. Ya ce za a sayo wani, kamar wancan karon. Na roƙi Inna ta yi magana, ta ce mai takaba ba ta ɗaga murya, kuma abin da mijinta ya rufe da ransa ba ita za ta buɗe ba.

Har maigidana na gwada. Da ya shigo yi wa Inna gaisuwa na tare shi a soro, na sassauta murya na ce, “Wai ni wayar nan ta saman ƙofa, ba ta tsufa ba kuwa?” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Me kika sani a kan waya? Zan ɗan ƙara mata ƙusa.” Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na koma ciki.

Na rasa inda zan sa kaina. In na yi magana, na rushe abin da Baba ya mutu yana tarewa. In na yi shiru, to sai dai in zauna in jira a aiko mini mai keke karo na biyu. Na yi addu'a kada a yi ruwa. Ranar da za a yi niƙan, tun asuba aka tsuge da shi kamar da bakin ƙwarya.

Da hantsi ya ɗauke. Maza na zaure, Baffa da Kawu da liman da maigidana. Mu muna tsakar gida muna surfe. Na ji inji ya yi tari, ya kama. Ƙwan da ke rataye a tsakar gida ya yi ja, ya yi fari. Gwaggo ta cika ƙwarya da gero ta ɗora wa yarinyar a ka ta ce, “Maza kai wa masu niƙa.” Ƙyauren a sakaye yake, sai an tura. Ta tafi da gudunta ba takalmi, tana taka ruwa, hannu ɗaya riƙe da ƙwarya, ɗayan a miƙe.

Na kira ta da sunanta.

Ban san ina da irin wannan murya ba. Sunan yanka na kira, cikakke, har kaji suka watse. Yarinyar ta tsaya cak, ƙwaryar ta kife, ta juyo tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta a bakina ba. Taɓarya ta tsaya a hannun kowa. Gwaggo ta ce, “La'ilaha illallahu!”

Tunda na riga na fasa ɗaya, sai na ƙarasa. Na finciko yarinyar na tura ta bayana, na tsaya nesa da ƙofar, na ɗaga murya yadda zaure zai ji.

“Baffa, a kashe injin nan. Ba santsi ba ne, ba jiri ba ne. Ƙofar nan ce ta kashe Baba, wuta ce a jikinta.”

Baffa ya ce daga can, “Ke! Kin san abin da kike faɗa? Kin san a gaban wa kike faɗarsa?”

“Na sani, Baffa. Wanda bai yarda ba, ga ƙofar nan, ya zo ya tura.”

Inji na ta ƙara. Ta tsagar ƙyauren na hango maigidana ya miƙe, ya tako har gab da ƙofar. Ya ɗaga kai ya dubi ƙullin robar nan da ke ɗigar ruwa, ya dubi kwanon, ya ɗago hannu. Na rantse da Allah na ji tsoro ya taɓa, don ba mutuwarsa nake so ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannun, ya juya, ya sa takalminsa a nan cikin zaure a gaban dattawa, ya fita. Ƙanena ya ruga ta waje ya kashe injin.

A turmi muka daka geron sadakar Baba.

Har yau da nake wannan rubutu ina Hunkuyi. Daga Makarfi ba a aiko da saki ba, ba a aiko da biko ba. Kayana na can, ƙananan 'ya'yana biyu na can wurin kakarsu, ban san ko zan sake kwana ɗaki ɗaya da su ba. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata. A rijiya ana cewa na tozarta mijina a gidan makoki, na kuma kira 'yar fari kamar wadda ba ta da tarbiyya. Duk gaskiya ne. Wani lokaci ina tuka tuwo sai in ji kamar Baba na tsaye a bayana yana tambayata abin da na yi da wahalarsa.

Baffa bai ce na yi daidai ba, amma shi ya ba ƙanena kuɗin mota ya ce ya nemo mutumin nan na Zariya. Ya zo makon jiya da jakar kayan aikinsa. Ya bi wayar da ido tun daga inji har tsakar gida, bai zagi kowa ba, ya ce dai duka za a cire. Ya sa sabuwa a cikin bututu, ya kafa akwatin da ake yanke wuta, ya binne wani ƙarfe a ƙasa ya ɗaura masa waya, ya nuna wa ƙanena amfanin kowanne. Ina bayan zana ina tsintar wake, ina jin su.

Ya tambayi ina dattijon da ya taɓa sa shi zagaye Zariya. Da aka faɗa masa, na ji ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce Baba ya koma wurinsa da saukar ruwan farko bayan an haɗa wutar, ya tambaye shi ko ana iya gyara aikin a ɓoye, ba wanda ya sani. Shi kuma ya ce masa ba ya yiwuwa, aikin kwanaki ne, kowa zai gani. Sai Baba ya tambayi yadda ake gane ƙarfe na da wuta.

“Ni na ce masa kada ya taɓa da tafin hannu, tana riƙewa. Na kuma ce masa, Baba, bayan hannun ma ba magani ba ne, wata rana za ta fi ƙarfinka, ka bari in zo. Ya ce ba zai iya ba.” Sannan ya ce, “Wace ce a gidan nan mai suna kaza?”

Sunana ya faɗa. Na yanka, wanda Baba ya raɗa mini.

Ƙanena ya ce, “Yayata ce. A ina ka ji sunan?”

“A bakinsa. Ya ce yana da 'ya a Makarfi, in aka cire wayar nan aurenta ne zai mutu. Ya zauna a kan bencina ya yi ta ba ni labarinta, yadda ta yi ciwo ta tashi, yadda ta iya karatu. Kowace magana sai ya sako sunan, har na riƙe.”

Waken ya zube daga cinyata. Kukan da ban yi ba ranar Talata, ban yi ba a ɗakin Inna, a bayan zanan nan na yi shi, har yarinyar ta zo ta tsaya a kaina tana kallo. Na jawo ta na ɗora a cinya, a gaban Gwaggo da kowa.

Ya Allah, Ka yafe wa Baba aikin nan guda da ya bayar bai duba ba, Ka san saboda wa ya yi. Ka haskaka kabarinsa da hasken da ba ya cutarwa. Ranar da za Ka kira waɗanda Ka yarda da su, Ka kira shi da sunansa.